Yadda ake sabunta kujeru, silin da kafet na tsohuwar mota a Kumasi

Wanda ya shigo da tsohuwar Mercedes W123, ko Peugeot 504, ko Volkswagen Beetle wurin masu ɗinkin kujera a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, yawanci abu biyu ne suka dame shi: kujerar direba da ta yage, da silin da ya zazzago yana shafar hula. Amma abin da ya cinye cikin motar yana ƙarƙashin kafet, kuma ruwa ne. Kumasi damina biyu take yi, babba daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba, kuma motar da ta shekara arba'in tana shan wannan ruwa da wuya a ce ba ta yoyo ta wani wuri. Shimfiɗa sabon kafet a kan daɓe mai tsatsa kitso ne da ƙwarƙwata. Don haka aikin yana da tsarinsa: a toshe ruwa, a gyara daɓe, a ɗaura silin, a yi kwalayen ƙofa, a shimfiɗa kafet, kujeru su shiga daga ƙarshe. Idan da hali a sa aikin daɓe da na gam a lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke bushe.

Kwancewa

Kafin a taɓa sifana, a ɗauki hoton ko'ina da waya: yadda kafet ya hau kan juna a gefen giya, inda bel ya ɗauru, yadda leda ta naɗe a bayan kujera. A cire kan batir na baƙar waya, domin akwai wayoyi a ƙarƙashin kafet da na fitilar silin. Kowane noti da washa ya shiga ledarsa da takarda a ciki, "kujerar direba, gaba, hagu". Notin da ya ƙi kwantuwa a fesa masa man kwance tsatsa a bar shi ya kwana. Tilasta masa kan karya shi a cikin daɓe, kuma fitar da guntun ya fi kwancewar wahala nesa ba kusa ba.

Hannun ɗaga gilas yana riƙe ne da ɗayan uku: sukuru a ƙarƙashin murfin roba, ko ƙaramin fil, ko wani lanƙwasasshen waya a bayansa. Na ƙarshen ana fitar da shi da tsumma, a zura gefen tsumman tsakanin hannun da kwalin ƙofa a ja shi hagu da dama. Kwalin ƙofa kuwa a ɓanɓaro shi daidai kan kowane kilif da faffaɗan ƙarfe. In aka ja daga tsakiya, kilif ɗin ya fi tsohon kwalin ƙarfi, sai ya tsaga shi.

Kada a yar da komai, ko ya ruɓe, ko yana wari. Tsohuwar rigar kujera da tsohon kafet su ne ma'aunin da za a yanka sabo a kai, kuma da wuya a samu shagon da ke sayar da ma'aunin Peugeot 504 a Kumasi. A gargaɗi yaran shago tun ranar farko, don su shara suke gani.

Neman inda ruwa ke shiga

Bayan an fitar da komai an share, a barbaɗa hoda a daɓe da gindin ƙofofi da ƙarƙashin dashbod. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya a waje da tiyo ko bokiti. A fara zuba ruwa daga ƙasa ana hawa sama, kowane wuri kamar minti biyar: gindin ƙofa, gilasan gefe, ramin iska da ke gaban gilashin gaba, gilashin gaba, sannan rufi. In aka fara daga sama ruwan zai bi ko'ina, ba za a gane ta inda ya shiga ba. Sawunsa zai fito a kan hodar.

Wuraren da aka fi kamawa su ne robar gilashin gaba da ta baya, musamman kusurwoyin ƙasa, da ramukan tsiyayar ruwa a gindin ƙofa da laka ta toshe, da robobin da wayoyi ke bi su shiga daga wajen inji. A W123 a duba ramukan tsiyaya da ke lungun da hinjin bonet ke kwanciya, da ƙarƙashin mazaunin batir, inda ruwan batir ke cin ƙarfe har ya huda, da tiyon rufi mai buɗewa in tana da shi. Ba kowace laima ce ruwan sama ba. Danshi mai santsi da ɗan ƙamshin zaƙi a gaba, ruwan lagireto ne daga hita. Motar Turai ce, da hitarta ta zo, kuma tunda ba wanda ke kunna hita a Asante, makanike zai iya haɗe tiyon biyu a wajen inji ya kewaye ta. Danshi a saman feda da ya ɓare fenti kuwa man birki ne ko na kuloci, wannan sai an gyara kafin a ci gaba.

Daɓe

Baƙin abu mai kama da kwalta da kamfani ya manna a daɓe don rage ƙara yana ɓoye tsatsa. Duk inda ya tsage ko ya ɗago, a ɗumama shi da bindigar zafi a kankare da ƙarfe. Kada a sa masa garanda, domin wasu tsofaffin irinsa suna da sinadarin asbestos, ƙurarsa na lalata huhu. A sa takunkumi. Sannan a bi daɓen da tsinin sukundireba ana dannawa. Inda ya lotsa ko ya huje, sai sitireta, wato mai gyaran jikin mota, ya yanke ya sa sabon ƙarfe da walda, kaurin milimita 1 zuwa 1.2. Cike ramin daɓe da fila, ƙullin da ake cike lotsar jikin mota da shi, yaudarar kai ce, musamman kusa da inda kujera da bel ke ɗaure. Kafin walda a leƙa ƙarƙashi a ga inda bututun mai da na birki suka bi. A Beetle bututun birkin baya yana bi ta cikin motar, gefen tudun tsakiya, ƙarƙashin kafet, kuma jiƙaƙƙen kafet yana cinye shi a ɓoye. In ya yi ƙuraje a canza shi yanzu da wurin ke buɗe.

Tsatsar sama-sama a goge ta da buroshin waya, a wanke maiƙo da tina, a shafa maganin tsatsa mai mayar da ita baƙa, a bar shi ya bushe yadda gwangwanin ya ce. Sai firaima shafi biyu, mai ifoksi ya fi jan firaima tare ruwa, sai a bi duk layin walda da abin toshe gaɓa, sannan fenti. A bar shi kwana biyu ko uku kafin gam ya hau kansa.

Tabarmar rage ƙara ta zamani, mai baƙin danƙo da farin ƙarfe a sama, ba sai ta rufe ko'ina ba. Kashi ɗaya cikin uku na kowane shimfiɗaɗɗen wuri, a tsakiyarsa, ya isa ya kashe kuwwa. A danne ta da rola har zanen saman ya baje, don iskar da ta maƙale a ƙarƙashi ruwa take tarawa. A guji irin ta kwalta da ake liƙe yoyon kwano da ita: zafin salansa na narkar da ita, warin kuma ba ya barin mota.

Abin da za a saya

Ga mota mai ƙofa huɗu, ledar kujera mai faɗin inci 54 ana lissafa yadi 8 zuwa 10 na kujeru, 3 na ƙofofi, 3 zuwa 4 na silin. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a farke tsofaffin a jera su a ƙasa cikin faɗin inci 54 a auna, a ƙara yadi ɗaya. A sayi duka daga naɗi ɗaya rana ɗaya, domin launi ɗaya daga naɗi biyu yakan bambanta a rana. A juya ledar a duba bayanta: mai saƙar yadi a baya ake so, kuma in an lanƙwasa ta kada ta yi fari a kan lanƙwasar. Ledar kujerun falo mai araha damina biyu take yi ta fara ɓarewa. Gam lita 3 zuwa 4, zoben ɗaure riga kamar 300 da filayarsa, igiyar faifin (zagayen da ke bin bakin ɗinkin kujera) mai kaurin milimita 4, soso mai yadi a baya na milimita 6 ko 12 don ɗinki. Kilif, hannun ƙofa da layin kujera a fara nema wurin masu yanka motoci a Magazin, abin da ya gagara a aika kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra.

Mai odar ɗinkakken kafet daga waje ya duba gefen sitiyarinsa. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agusta 1974, don haka motar da ta shigo kafin nan ana iya samun sitiyarinta a dama, ko kuma an juya shi daga baya. Ramukan feda da matakin dunduniya na kafet ɗin da aka yanka wa Ingila suna gefe dabam da na Jamus.

A kuma yi tunani kafin a yanke wa tsohuwar riga hukunci. Ledar Mercedes da ake kira MB-Tex tana daɗewa fiye da yawancin abin da za a samu a kasuwa yau. Sau da yawa ita lafiyarta lau, abin da ke ƙarƙashinta ne ya mutu. Irin wannan a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu mara kaifi da buroshi mai laushi, a mayar da ita kan sabon ciki. Fumfuna a goge ta da farin binega da ruwa rabi da rabi, a shanya a inuwa. Ruwan bilic irin Parazone yana cin zare, bayan 'yan watanni ɗinkin ya fara sakewa. In fata ce ta gaske, kada a shafa mata man kaɗanya. Fatar mota tana da fenti a sama, man ba ya shiga, sai ya zauna ya kama ƙura ya ɓata wa mutane fararen kaya ranar Juma'a.

Silin

Silin waɗannan motoci rataye yake a kan sandunan ƙarfe da suka ratsa rufi, bakinsa kuma a manne ƙarƙashin robar gilashi da ta ƙofa. Aiki mai kyau sai an cire gilashin gaba da na baya, shi ya sa ake haɗa shi da canza robobinsu. Sandunan ba tsawonsu ɗaya ba. A sa musu lamba daga gaba zuwa baya, da alamar hagu da dama, a kuma lura da ramin da kowace take ciki. A goge tsatsarsu a yi musu fenti, in ba haka ba jan layi zai fito a sabon silin cikin damina ɗaya.

A zana layin tsakiya da alli a bayan silin, a yi alamar tsakiya a rufi gaba da baya. A zura sanduna cikin aljihunansu, a rataya daga baya ana zuwa gaba. A ja tsakiyar gaba da tsakiyar baya a riƙe da kilif ɗin takarda, a ja gefuna a riƙe, har ko'ina ya miƙe, tukuna a kawo gam. Mannawa daga tsakiya ake fara ta ana zuwa kusurwa. A kusurwa a tsattsaga baki kaɗan-kaɗan, tsagar ta tsaya santimita ɗaya kafin inda ido zai gani. Dabarar da ke hana ɓarna: a mayar da sukurorin madubi, makarin rana da mariƙin hannu cikin ramukansu kafin a rufe, daga baya a lalubo kansu da yatsa a yi ƙaramar tsaga. Tattarar da ta rage a bi ta da bindigar zafi daga nesa, kamar taku ɗaya, hannu yana yawo.

Gam na silin shi ne inda ake yawan faɗuwa. Rufin mota mai duhun launi da ya wuni a rana yakan haura digiri 70, kuma gam ɗin kafintoci da masu takalma yana sakewa a wannan zafi. A nemi wanda aka rubuta wa jure zafi a jikin gwangwani. A shafa shi siriri a ɓangarorin biyu, a jira minti 5 zuwa 15, har in an taɓa da bayan yatsa ya yi danƙo amma bai biyo ba. Ranar da ake ruwa ko hadari ya haɗu a haƙura, don gam yana bushewa yana sanyaya wurin, raɓa ta kwanta a kansa, ya kama yau ya saki bayan wata guda. Ƙofofi a buɗe, kuma ba mai walda ko mai sigari a kusa.

Kwalayen ƙofa

Na asali hadbod ne mai kaurin milimita 3, gindinsa ya sha ruwa ya kumbura. A kwantar da tsohon a kan filawud na milimita 3 ko 4 a zana, har da kowane ramin kilif, a yanka, a gwada shi a jikin ƙofa tsirara da hannun gilas da na buɗewa. Sai a shafa masa banish gaba da baya da baki, shafi biyu. Soso na milimita 3 zuwa 6 ya isa. Mai kauri yana sa hannun gilas ya riƙa gugar leda. A sa kilif a ramukansu kafin a rufe, a naɗe ledar santimita 2 zuwa 3 a baya da gam. Tsakanin ƙarfen ƙofa da kwali dole a mayar da ledar tare ruwa, gindinta ya faɗa cikin ƙofar don ruwa ya koma ciki ya fita ta ramukan ƙasa. Ita ce ake yagewa a gyaran gilas ba a mayarwa, kuma rashinta ne ya kashe tsohon kwalin.

Kujeru, daga ƙarfe zuwa riga

A yanke tsofaffin zobba da filaya, a zare rigar a hankali, a zare wayoyin da ke cikin aljihunanta a ajiye. Firam ɗin a duba shi da kyau a gindin majingina da gefen da direba ke shiga, nan yake tsagewa. Tsagar firam ana walda, amma sifirin ba a yi masa walda, wuta tana kashe ƙarfinsa ya sake karyewa gefen waldar. A canza shi da mai kauri irinsa, ko a ciro daga kujerar fasinja ta wata motar da aka yanka, don ita ba ta sha nauyi kamar ta direba ba. A yi wa firam fenti, a wanke layin da kujera ke gudu a kai da kananzir, a sa sabon giris.

A kan sifirin ana fara shimfiɗa tsumma mai ƙarfi don kada ƙarfe ya yanka soso. Buhun koko na rama yana yin wannan aiki sarai, in an wanke shi an shanya ya bushe ƙayau. A ja shi ya yi tauri a ɗaure da zobba tazarar yatsu huɗu. A Mercedes da Beetle abin da ke saman sifirin wata tabarma ce ta zaren kwakwa ko gashi da aka haɗe da roba. Jan garin da ake gani a ƙarƙashin kujera ita ce take marmashewa. Ana samun sabuwa ta oda, in ba hali a maye ta da soso, amma a sa shimfiɗa mai tauri a ƙasa, kamar felt, wato matsattsiyar shimfiɗar zare, na santimita ɗaya, sannan soso na inci 1.5 zuwa 2.

Soso ana sayensa da nauyi ne, latsawa da hannu a shago ba ta nuna komai. Na mazauni kada ya gaza kilo 30 a kowace mita kubik, 35 zuwa 40 ya fi, na majingina zai iya sauka kaɗan. Kamfanoni irin su Ashfoam da Latex Foam suna yin masu nauyi dabam-dabam, a tambayi lambar. Mara nauyi yana da daɗin zama a makon farko, kafin shekara ya kwanta, riga ta yi jaka. A yanka shi da wuƙar burodi mai haƙora ko ruwan zarto, a bar santimita 1 zuwa 1.5 fiye da ma'auni a kowane gefe don ya cika rigar. Cusa soso fiye da kima kuma yana ɗaga direba har cinya ta taɓa sitiyari, ya kuma ɓata siffar kujerar ta koma ta falo.

Kafin a farke tsohuwar riga a ja gajerun layuka da alli a ƙetaren kowane ɗinki, tazarar santimita 10, a rubuta wa kowane ƙyalle suna da kibiyar da ke nuna sama. Ma'auni a ɗauke shi daga kujerar fasinja a juya shi ya zama na direba, domin ta direba ta miƙe ta karkace. A kwantar da ƙyallayen a rana su saki, a danne su a kan kwali a zana layin ɗinki, a ƙara milimita 12 na bakin ɗinki, a mayar da alamomin allin su zama ƙananan tsaga. Leda ta fi miƙewa ta faɗi fiye da ta tsawo, saboda haka duk ƙyallayen su kalli gefe ɗaya. Juya guda don tsimin yadi yana sa gefe ɗaya na kujerar ya yi tauri ɗaya ya saki. In yadi mai gashi ne, gashin ya kwanta daga sama zuwa ƙasa a majingina, daga baya zuwa gaba a mazauni, in ba haka ba launin zai fito biyu.

Tsakiyar kujera mai layi-layi ita ake fara yi, kuma da girma. Kowane layin ɗinki a kan soso na milimita 12 yana cinye kamar milimita 3 na faɗi, layi goma ya ci santimita 3. A yanka da rarar santimita 5 ko'ina, a ɗinke layukan duka ta fuska ɗaya, sannan a ɗora ma'auni a yanke.

Keken tela na ɗinkin kaftani ba ya wannan aiki. Ana son keke mai ƙafa mai tafiya, irin su Juki, Pfaff 1245 ko Singer 111W, wanda ke jan sama da ƙasa tare. Zare na nailan ko foliyesta mai lamba Tex 70 da allura 18 ko 20, tsawon ɗinki milimita 4 zuwa 5. Foliyesta ya fi jure rana, shi za a sa a saman majinginar baya da ke ƙarƙashin gilashi. Ɗinki mai matsi yana jera ramuka kusa da kusa, ledar ta yage a kan layin kamar takardar rasit. Leda ba ta mantuwa da ramin allura, don haka ba a kafa mata fil sai a cikin bakin ɗinki, kuma ba a farkewa a sake. A ɗinka faifin a jikin ƙyalle ɗaya tukuna, sannan a haɗa na biyu ana daidaita tsaga da tsaga. Aljihunan da wayoyin ƙarfe ke shiga a yi su da yadi mai ƙarfi, faɗinsu daidai da na tsohon, don su ne ke jan rigar ciki su fitar da siffar kujera.

Wurin sa riga, a shanya ta a rana minti 20 zuwa 30 ta yi laushi. A fara ɗaure wayoyin tsakiya da zobba, daga tsakiya zuwa gefe, sannan a juyo rigar a kan kusurwoyi. Siririyar leda a kan kafaɗun soso tana sa ta sulluɓe, in ta zauna a yage a zare. A tura bakin ɗinki duk ya kwanta gefe ɗaya, in ba haka ba faifin zai yi tafiyar maciji. A ƙasa a ɗaure tsakiyar gaba, tsakiyar baya, tsakiyar gefuna, sannan a cike. Ramin mariƙin kwantar da kujera da na matashin kai sai rigar ta gama zama ake hudawa, kuma ƙarami.

Kafet

Kafet ɗin ɗaki ba ya lanƙwasa a kan tudun giya, bayansa yana karyewa. A nemi na mota mai laushin baya. Beetle da tsofaffin Mercedes da kafet mai madauki suka zo, wasu motocin kuma tabarmar roba ce a gaba tun daga kamfani, kuma mayar da roba inda roba take ba kasawa ba ce, a garin ruwa ma ita ta fi.

Shawarar da ta fi muhimmanci a nan: kada a manne kafet ɗin matakin ƙafa. Na tudun tsakiya, na dokin ƙofa da na bangon gaba su ake mannewa. Guda huɗun da ake takawa a yi su masu ɗagawa, da maɓallin ƙarfe a kusurwoyi, yadda in ruwa ya shiga za a fitar a shanya a ga daɓe. Shimfiɗar ƙarƙashi ma haka. Felt na rama yana kashe ƙara da kyau amma yana riƙe ruwa makonni, saboda haka a ƙasa a sa soson roba mara shan ruwa na milimita 6 zuwa 10, a bar felt ɗin ga tudu da bangon inji inda zafi yake.

Tsohon kafet ya ƙanƙance, kada a yarda da shi ɗari bisa ɗari. A zana shi a takardar siminti ko kwali, a gwada takardar a cikin mota, a gyara, sannan a yanka kafet daga baya da sabuwar reza da rarar santimita 2. Gashin duk ya kalli gefe ɗaya. Ana fara manna dokin ƙofa da tudun baya, sai tudun tsakiya daga ƙololuwarsa ana gangarowa, sai bangon gaba, na ƙasa su hau kansu su rufe bakunan. Wurin giya da hanbirki a yi ƙaramar tsaga mai siffar kuros a riƙa faɗaɗawa. Ramin noti a lalubo shi da tsinke daga ƙasa, a huda da jan ƙusa mai zafi, wuta tana ƙone bakin ya daina zarewa. Dirili a kan kafet mai madauki yana naɗe zare ɗaya ya zare layi guda tun daga gaba har baya. Bakin da ido ke gani a ɗinke shi da tsirin leda mai faɗin santimita 3, a ɗinka matakin dunduniya na roba a gefen direba.

A W123 siraran tiyon iska na makullin ƙofofi da wayoyi suna bi ta gefen daɓe. A mayar da su hanyarsu kafin shimfiɗa, kada sukurun dokin ƙofa ya huda ɗaya, a wayi gari ƙofofi sun daina kulluwa. A taka totur, birki da kuloci har ƙasa a tabbatar ba inda kafet ya tare ko ya riƙe feda.

Mayar da kujeru da bel

A naɗe ƙafafun kujera da tsumma kafin a shigo da ita, layin kujera ya sha yaga sabon kwalin ƙofa a rana ta ƙarshe. A kama duk notin da hannu tukuna, a tura kujerar gaba da baya, sannan a ɗaure. Notin bel nasa dabam ne, zarensa na inci ne, 7/16, har a motocin Jamus da Faransa da sauran notinsu na milimita ne. Noti na milimita 11 ko 12 da aka tilasta yana cinye zaren ramin. A mayar da na asali da washoshinsa yadda aka cire, kuma kada kafet ko soso ya shiga tsakanin ƙarfen bel da jikin mota. Bel da ya zare ko rana ta busar da shi a canza, ba a ɗinke shi.

A Beetle batir yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma sifirin kujerar ƙarfe ne. Mutum mai nauyi ya zauna, sifirin ya taɓa kan batir, tartsatsi ya kama busasshiyar tabarmar kwakwa. A rufe jan kan batir da murfinsa, a ɗora faifan roba mai kauri a sama kafin kujerar ta koma.

Bayan an gama a bar gilasai a sauke ɗan kaɗan a inuwa har mako guda warin gam ya fita, a kuma sake gwajin tiyo sau ɗaya, a ɗaga kafet ɗin ƙafa huɗun a shafa daɓen da hannu.